Ɗan'uwa Rabin Jiki: Taƙaitaccen Tarihin Dashen Ƙoda

Hausawa na cewa ɗan'uwa rabin jiki ne. A wannan ɗan rubutu ina so in bi tarihin dashen ƙoda, don mu ga yadda likitoci suka fara da gaskata wannan karin magana, daga baya kuma suka faɗaɗa ma'anarta.

Allah ya hore wa ɗan Adam ƙoda biyu, amma guda ɗaya lafiyayya ta isa ta riƙe shi. Idan duka biyun suka mutu, to, sai dai wankin ƙoda da na'ura, sau biyu ko uku kowane mako, ko kuwa a dasa masa ta wani. Matsalar dashe ita ce jiki ba ya son baƙo. Da zarar ya ji tsokar da ba tasa ba, sai ya tasam mata da yaƙi.

Saboda haka ne dashen farko da ya yi nasara ya kasance tsakanin tagwaye masu kama ɗaya. Ran 23 ga Disamba, 1954, a birnin Boston na Amurka, Dokta Joseph Murray ya dasa ƙodar Ronald Herrick a jikin ɗan tagwaicinsa Richard, wanda ya ƙara shekara takwas a duniya. Daga nan aka daɗe ana dogara da 'yan'uwa na jini da kuma gawa. Sai a farkon shekarun 1980 maganin Cyclosporine ya bazu, wanda ke lallashin jiki ya haƙura da baƙuwar ƙoda. A 1995 wani bincike da Paul Terasaki ya jagoranta a Amurka ya nuna cewa bayan shekara uku, kashi 85 cikin 100 na ƙodojin da miji ko mata suka ba juna suna nan suna aiki. Na iyaye kashi 82 ne, na gawa kuwa 70. Ke nan ba dole sai an haɗa jini ba.

A Nijeriya an fara dashen ne a asibitin St. Nicholas na Legas a 2000. A 2002 Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano shi ma ya fara yin sa. Da yake ɗaukar ƙodar mamaci bai zama al'ada a ƙasar nan ba, duk nauyin yana kan rayayyu.

A nan ne nake ganin maganar ta shafe mu. Dubi Basawa da Samaru da Sabon Gari. Ga sojan bariki, ga ɗalibi, ga ma'aikacin jami'a, ga ɗan kasuwa, da yawansu sun baro danginsu can nesa. In ciwo ya kai ɗayansu Shika wankin ƙoda, sau da yawa mai jinyarsa matarsa ce, ko amininsa, ko maƙwabcinsa. In irin waɗannan za su iya ba da ƙoda, lalle an sami sauƙi babba.

Amma fa ƙofar da kyauta ta shiga, ta nan ciniki ke bi. Tun 1988 Iran ta tsara biyan masu ba da ƙoda, kuma akasarin masu bayarwar talakawa ne. A wannan shekarar ce Majalisar Fiƙihun Musulunci ta zauna a Jidda, ta halatta kyautar gaɓa bisa sharuɗɗa, ta haramta sayar da ita. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ita ma ta hana cinikin a Nijeriya. Duk da haka, a 2023 wata kotu a Landan ta ɗaure tsohon Mataimakin Shugaban Majalisar Dattawa, Ike Ekweremadu, shekara tara da wata takwas, saboda an kai wani saurayi mai talla daga Legas don a cire ƙodarsa, aka ce wai ɗan'uwa ne.

Ra'ayina shi ne kada a rufe wannan ƙofa, amma a sa mata mai gadi. Kowane asibiti ya keɓe mai bayarwa, a tambaye shi shi kaɗai, a tabbata ba bashi ko yunwa ko kunyar maigida ce ta kawo shi ba, a kuma ci gaba da duba lafiyarsa bayan aiki. In ba haka ba, za a wayi gari ƙodar talaka ta zama haja kamar buhun masara a kasuwar Sabon Gari. Allah ya kiyashe mu, amin.