Daga Disfensa Zuwa Kemis: Wa Ke Bibiyar Mai Hawan Jini?

 Yau gida zan kai ku: Jega, Aliero da Maiyama.

Mu fara da Aliero. Bayan albasa, garin ya yi suna wajen ɗori. Mutum ya karye, a kawo shi, a ɗora ƙafar, ya yi makonni ya miƙe ya tafi. Haka muka taso muka san magani: ciwo ya zo, a yi masa, ya wuce. Na asibiti ma da wannan siffar ya shigo mana. A 1930 Turawa suka buɗe makarantar koyon haɗa magani a Zariya, can aka horar da disfensa, masu ba ka na zazzaɓi ko na gyambo ka koma gida.

A 1987 ministocin lafiya na Afirka suka zauna a Bamako, suka amince a riƙa sayar da magani a ƙananan asibitoci, kuɗin ya juya a sayo wani. Duk inda kuɗin ya ƙi juyawa, sai jama'a suka koma kemis.

To ga inda gizo ke saƙar. Hawan jini da ciwon suga ba a gama shan maganinsu. Aikin ƙwararren mai harhaɗa magani ne ya duba duk abin da kake sha, ya auna jininka, ya tambaye ka me ya sa na wata ɗaya ya kai ka wata uku. Shi kuwa mai kemis, lasisinsa bai ba shi damar sayar da maganin da sai likita ya rubuta ba. Amma a ƙauyukanmu shi ne a kusa, shi ke ba da bashi, shi ya san wanda ya daina zuwa.

Kawuna a Maiyama amlodipine yake sha. Ƙwaya biyar zai saya, kai ya daina ciwo ya ajiye. Ashe kullum yana haɗawa da diclofenac saboda gwiwa, shi kuma yana ƙara hawan jini, yana taɓa ƙoda. Ba wanda ya taɓa tambayarsa, wallahi, har ni. Sai da wata 'yar maƙwabta da ke karatu a kwalejin kiwon lafiya ta Jega ta ce, "Baba, kawo ledar maganinka in gani." Ita ta tura shi asibiti. Yanzu duk Juma'a tana auna shi, tana rubutawa a bayan wani tsohon littafin makaranta.