Zinariyar Anka da Bukkuyum da Haddar Yara

Ƙasar nan ta yammacin Zamfara, tun daga Anka, mazaunin Sarkin Zamfara, har Bukkuyum da Gummi, ƙasa ce da ta daɗe da allo da tawada, domin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo kansa ya yi wajen shekara biyar yana wa'azi a Zamfara kafin jihadi. Kuma duk wanda ya zauna gaban malami ya san cewa harsashin karatun nan abu ɗaya ne, watau malam ya biya wa yaro aya, yaron ya riƙe ta a zuci gwargwadon lokacin da zai maimaita, har ta zauna, sa'an nan a wanke allo a yi masa ƙari. Wannan ɗan riƙo na ɗan lokaci, tare da natsuwar da ke tsaronsa, shi ne dukiyar da sana'ar zinariya ta taɓa.

Haƙar zinariya ba baƙuwa ba ce a nan, gama ta yi tashe a Lardin Sakkwato cikin shekarun 1930, kana ta lafa. Da farashi ya hau bayan 2008, sai manoma suka koma ramuka, suna ɗauko duwatsu cikin buhuna zuwa gida, ana niƙa su a injin da aka saba niƙa hatsi, mata na dakawa a turmi a tsakar gida, inda yara ke rarrafe suna kai hannu baka, alhali ba wanda ya san dutsen cike yake da dalma. A watan Maris na 2010, likitocin ƙungiyar MSF, waɗanda suka fito bin sawun sanƙarau, suka tarar yara na jijjiga suna mutuwa, maganin zazzaɓin cizon sauro kuwa bai yi musu kome ba. A ƙauyukan Dareta da 'Yargalma an lissafa cewa kashi ɗaya cikin huɗu na yara 'yan ƙasa da shekara biyar sun rasu cikin shekara guda. Jimillar waɗanda musibar ta ci ta kai 400 ko fiye. Da aka gano gubar dalma ce, aka kankare ƙasar gidaje aka zuba sabuwa, aka ba yara maganin da ke fitar da gubar daga jini, amma ƙauyen Bagega ya jira har 2013 kafin kuɗin Gwamnatin Tarayya su fito.

Matattu an ƙidaya su. Waɗanda suka rayu ne lissafinsu ke da wuya, domin maganin yana rage dalmar jini, amma ba ya mayar da abin da ta riga ta ɓata a ƙwaƙwalwa mai tasowa. Tun 1979 wani likita Ba'amurke, Herbert Needleman, ya auna dalma a haƙoran da 'yan firamare suka famfare a kusa da Boston, ya gwama da shaidar malamansu, sai ya ga yaran da dalmarsu ta fi yawa su ne aka fi siffantawa da raba hankali, da rashin jimiri a kan aiki, da kasa bin umarni idan ya zo biyu ko uku a jere. Kuma fa yaran nan ba su taɓa jijjiga ba, balle a ce sun kwanta ciwo.

Saboda haka yaron ƙauyen Abare ko na Tungar Guru da aka haifa cikin ƙurar nan, sa'ad da ya isa riƙe allo, aka biya masa farkon aya ya kama, aka kai ƙarshenta farkon ya suɓuce, ko uwarsa ta aike shi gishiri da daddawa ya komo da gishiri kaɗai, hukuncin da ya fi saurin zuwa bakin manya shi ne gafala da ƙiriniya, sai a ɗauko bulala. A ganina wannan zalunci ne da ba a yi da niyya ba, gama irin wannan yaro buƙatarsa a gajarta masa ƙari, a yawaita masa tilawa, a zaunar da shi dab da malam, a kuma kai shi asibiti a auna jininsa idan har yanzu ana daka dutse a gidansu.