Masu Bes na Arewa da Jitocin da Suka Bar Hannunsu

A shekarun 1970, in ka shiga wani otal a Kaduna ko Jos ko Sabon Garin Kano da daren Asabar ka tarar da makaɗa bakwai ko takwas a kan dandamali, da wuya ka sami biyu a cikinsu da abin da suke kaɗawa nasu ne. Ganguna da jitoci da lasifika da amfilifaya, har wayar da ake jonawa, duk na mai otal ne ko na shugaban ƙungiya. "Mai kaya" muke ce masa, kuma maganarsa ce yankan wuƙa. Shi ke faɗin abin da za a ba ka, shi ke faɗin lokacin tashi. Ranar da kuka saɓa, sai ka jingine jitar da bango ka ɗauki rigarka ka fita, sana'arka ta tsaya cik har sai wani mai kayan ya aiko a kira ka. Kayan aro ba ya rufe katara, mu kam mun ga haka da idonmu.

Wanda bai san wannan ba zai yi mamakin yadda dattijo mai jikoki, in aka taɓo zancen wata jitar bes da ya rabu da ita shekara talatin da suka wuce, sai fuskarsa ta canza. Wanda ya mallaki bes ɗinsa a wancan zamani mutum ne mai 'yancin kansa. Yau yana Kaduna, gobe in an yi masa wulaƙanci ya rataya abinsa ya hau jirgin ƙasa zuwa Jos, kuma kafin ya sauke kaya an ba shi aiki, don masu bes ba su da yawa, masu nasu na kansu kuwa ana ƙirga su da yatsu.

Ita bes mai lantarki ba tsohuwa ba ce. Leo Fender ne ya fito da wadda ta karɓu a kasuwa a 1951 a Kalifoniya ta Amurka, ya sa mata suna Precision, sannan a 1960 ya ƙaro Jazz Bass mai siririn wuya. Kafin nan sai dai ƙatuwar nan ta katako da ake tsayarwa a ƙasa, wadda ta kai tsayin mutum, ga wuyar ɗauka, ga shi in kakaki da ganga suka ɗau zafi ba mai jin ta. A yankinmu, manyan ƙungiyoyin Legas da Akara ne suka fara rungumar sabuwar. Zuwanta Arewa da ƙarfi sai bayan yaƙin basasa, daga 1970, lokacin da barikokin soja suka cika da matasa masu albashi, wasu rundunonin ma suka sayi kayan kiɗa suka ɗauki ƙungiyoyi. Ga kuɗin mai. Ga ariyas ɗin ƙarin albashin Udoji da aka zuba wa ma'aikata a farkon 1975, wanda ya sa har masinja ya sayi rediyo mai kaset. A 1977 aka yi bikin al'adu na FESTAC, aka kawo hawan daba Kaduna, aka gina otal ɗin Durbar saboda baƙi. A shekarar ce marigayi Bala Miller, ɗan gidan Miller na Zariya, ya tara matasa ya kafa babbar ƙungiyarsa ta Pyramids. Shi ya nuna wa irinmu cewa ana iya ɗora waƙar Hausa a kan bes da kakaki ba tare da ta zama abin dariya ba; duk wanda ya ji "Ikon Allah" ya san abin da nake nufi. Ban taɓa yi masa aiki ba. Ni ɗan ƙananan ƙungiyoyi ne, masu buga waƙoƙin James Brown da Bob Marley da Fela da na Kwango, duk abin da masu sha suka nema.

Mai bes ba shi da farin jini a wurin 'yan kallo. Mawaƙi ake yi wa liƙi, sai mai jitar gaba in ya yi wani salo, sai mai ganga. Kai kana can baya kusa da lasifika, ba wanda ya san da zamanka sai ranar da ba ka zo ba. Mahaifiyata, da ta ji ina gwaji a ɗaki, ta ce ai wannan aikin ƙwaryar da ake kifawa a ruwa nake yi, irin ta kiɗan amada, wadda ba a yi mata kirari amma in ta yi shiru rawa ta lalace. Har yau ban ji wanda ya bayyana aikin fiye da haka ba.

Yawancin abin da muke kaɗawa kwaikwayon Fender ne daga Japan, irin su Ibanez da Aria, wasu ma ba suna a kansu. Ta ainihi sai wane da wane. Tawa ta zo hannuna ne ta hanyar da har yanzu ba na jin daɗin tunawa. A watan Janairun 1983 gwamnatin Shagari ta ba baƙin da ba su da takardu mako biyu su bar ƙasar. 'Yan Gana kusan miliyan ɗaya suka kama hanya, kuma a ƙungiyoyin otal-otal na lokacin da wuya ka rasa ɗan Gana ko ɗan Kamaru, galibi ma su ne gwanayen. Wanda ya koya mini riƙon bes ɗan Kumasi ne, Hausarsa irin ta Zongo. Yana da Jazz Bass ta shekarun 1970, fentinta ya koɗe a inda hannu ke gogawa. Ya zo ɗakina da ita da dare ya ce, "Ƙanena, ba zan iya hawa tirela da wannan ba, za ta karye a hanya. Kawo abin da kake da shi." Na ce, "Yaya, abin da ke hannuna bai kai rabin kuɗinta ba." Ya ce kawo. Haka kayan kiɗa da yawa suka canza hannu a makonnin nan, a farashin gudun hijira. Duk wanda ke taƙama da wata jita mai kyau a Arewa a tsakiyar shekarun 1980, in ka bi salsalarta, sau da yawa za ka tarar da wani da ya sayar da ita dole.

Riƙe ta kuwa aiki ne. Hunturu ya shigo katako ya bushe, wuya ya lanƙwashe, bakin ƙarafan da aka gitta a jikinsa su fito suna yankar yatsu. Damina ta zo ya koma ɗaya gefen. Akwai sandar ƙarfe a cikin wuyan da ake ɗaurewa ko sassautawa, kuma jitoci da yawa sun mutu a hannun masu gyaran rediyo da suka murɗa ta har ta tsinke. Tsirkiya ita ce babbar masifa. Mai jitar gaba in tasa ta tsinke yana iya warware wayar birkin keke ya lallaɓa, amma ta bes mai kauri ce, naɗaɗɗiya, ba ta da madadi. Sai mu cire su mu tafasa a tukunya, dattin gumi ya fita, muryar ta dawo na ɗan lokaci. In ɗaya ta tsinke kusa da kai, a ƙulla. Wanda zai tafi Legas ko Kwatano, kafin ya tambayi iyalinsa tsarabar da suke so mun riga mun ba shi saƙon tsirkiya.

Rushewar ba rana ɗaya ta zo ba. Tsuke bakin aljihu ya fara tun zamanin Shagari, shigo da kaya ya koma sai da lasisi. A 1986 Babangida ya kawo tsarin tattalin arziki na SAP, a watan Satumba aka saki naira. Kuɗin da a 1980 ya fi dala daraja ya koma sai ka ba da wajen naira huɗu kafin ka sami dala ɗaya, daga nan kuma sai gangara. Masu otal suka yi lissafi suka ga yaro ɗaya mai saka faifai ya fi musu arha a kan ƙarti takwas masu ci da sha da rigima. Masu satar kaset suka karya kamfanonin faifai, manyan na Turawa suka sayar da hannun jarinsu suka tafi. Sannan fiyano ta iso. Ƙananan Yamaha ɗin nan na jerin PSR, in ka danna da hannun hagu su ba ka ganga da bes a lokaci guda, ba kuskure, ba gajiya, ba neman ƙarin kuɗi. Da finafinan Kano suka bunƙasa, musamman bayan fim ɗin Sangaya a 1999, kiɗan Hausa na zamani gaba ɗaya ya koma cikin akwatin nan. Rikicin Kaduna na Fabrairun 2000 da dokokin da suka rufe wuraren shaƙatawa a jihohi da dama sun tarar da sana'ar tana kwance ne, suka ja mata mayafi.

Ina jitocin suka tafi? Coci. Majami'un da ke tasowa a lokacin su kaɗai ke da kuɗin sayen kayan kiɗa da kuma wurin kaɗa su kowane mako. Abokan aikinmu Kiristoci suka bi kayan can, da yawansu ma suka samu rufin asiri. Mu Musulmin cikin sana'ar, waɗanda dama gida ba a taɓa yi mana kallon masu aikin kirki ba, sai muka watse: wani ya koma tuƙi, wani acaɓa, wani gyaran lantarki. Ni musaya na yi. Wani mai kula da kiɗan wata majami'a ya ba ni fiyano da 'yan canji a kai, na ba shi Jazz Bass. Kuma gaskiya fiyanon nan ta ciyar da gidana shekaru, da ita na yi kiɗan biki da tallan rediyo, da ita yara suka yi makaranta. In aka mayar da ni ranar, da abin da ke gabana a ranar, zan sake yi. Wannan bai hana abin ci mini rai ba. Tun da na miƙa ta ban ƙara zama mai bes ba, na zama mai danna maɓalli yana kwaikwayon abin da hannunsa ya iya. Kuma amanar ɗan Kumasi ce; bai ce in riƙe masa ba, amma wanda ya ba ka abu a rabin kuɗi ba don ka yi ciniki da shi ya ba ka ba.

Turawa ma suna da irin wannan kuka, sai dai nasu ya fi karkata ga kuɗi. A 1965 kamfanin CBS ya sayi Fender a kan dala miliyan 13, masu kiɗa suka yanke cewa na kafin cinikin sun fi inganci, farashinsu ya yi ta hawa, wanda ya sayar da tasa da arha a shekarun 1970 yana cizon yatsa har gobe. Shahararrun labaransu kuma na sata ne. Bes ɗin Höfner da Paul McCartney ya saya a Hambag a 1961 an ɗauke ta daga cikin mota a Landan a 1972, ba ta dawo hannunsa ba sai da masu bincike suka yi shelar nemanta a duniya, aka sanar da samunta a Fabrairun 2024. Ta Jaco Pastorius an sace ta a New York a 1986, ta ɓulla bayan shekara ashirin, shi kuwa ya rasu tun 1987. Ta James Jamerson, wanda ya kaɗa bes a yawancin fitattun waƙoƙin Motown, ta ɓace dab da rasuwarsa a 1983, har yau shiru. A ganina waɗannan sun fi mu sauƙi ta wani gefen. Wanda aka yi wa sata yana da ɓarawon da zai tsine wa, yana da hujjar zuwa ya ce a ba shi abinsa. Wanda ya ƙirga kuɗi ya ce "na sallama" fa?

Abin da ke ba ni haushi, kuma yake faranta mini rai, shi ne Nijar. Talaucinsu ya fi namu, amma ba su saki ƙungiya ba. Gwamnati ta kafa gasar kiɗa ta Ɗan Gurmu a 1987, ta buɗe cibiyar koyar da kiɗa a Yamai mai sunan Elhaji Taya, ga kuma bukukuwan aure da har yau ake kiran masu jita, musamman a Agadas. Shi ya sa suka fitar da Mamar Kassey da Tal National, ƙungiyoyi masu mai bes na jini da tsoka, suna yawon Turai da Amurka. Ashe ba dole ba ne fiyano ta cinye kowa. Mu ne ba mu sami mai tsaya mana ba, mu ma kuma ba mu tsaya wa juna ba. Ko ƙungiyar da za ta sayi kaya ta riƙa ba mambobi haya ba mu iya haɗawa ba.

Yanzu dillalai ke zuwa daga Legas da hotuna a waya, suna bin tsofaffin makaɗa da ɗakunan ajiyar majami'u suna neman tsohuwar Fender da za su tura waje. Wani ya same ni ya ce, "Baba, ka tuna lambarta?" Lambar tana kan ɗan farantin ƙarfen da ke bayan jitar, inda wuya ya haɗu da jiki, kuma a zamaninmu ba wanda ya taɓa tunanin rubuta ta. Ya ce yawancin waɗanda yake samowa an riga an shafe su da fentin mota, an sauya musu kayan ciki da na Caina, kuma da zarar an sake fenti kusan rabin kuɗin ya tafi. Yaran da ke kiɗa a majami'un ma, in ji shi, ba sa son su: sun yi nauyi, kuma tsirkiya huɗu ce, su kuwa mai biyar suke yayi.