Farfesa Ibrahim Umar da Tukunyar Nukiliya ta Zariya

Mu da muke koyar da kimiyya a nan unguwar Television, idan muka zo darasin ƙwayar zarra, sunayen Turawa muke jerawa a allo. Mukan gaya wa yara cewa James Chadwick ne ya gano niyutiron a Kambirij a 1932, su rubuta, su haddace. Da wuya mu gaya musu cewa a Zariya, tafiyar da ba ta kai ta yini ba, akwai masu sarrafa wannan ƙwaya da hannunsu.

Marigayi Farfesa Ibrahim Umar yana cikin waɗanda suka share wannan fage. Ya yi digirin farko na fiziks a Jami'ar Ahmadu Bello, ya ƙaro ilmi a Amurka, sannan ya sami digirin dakta a Jami'ar East Anglia ta Ingila a 1974. Da ya dawo, alli ya ɗauka a Kano, a zamanin da akasarin malaman wannan fanni baƙi ne. Daga 1979 zuwa 1986 shi ne shugaban Jami'ar Bayero. Ya kuma shugabanci Hukumar Makamashi ta Ƙasa, har ya riƙe kujerar majalisar gwamnonin Hukumar Nukiliya ta Duniya da ke Biyana daga 2000 zuwa 2001.

A ganinmu, abin da ya fi cancantar alƙalami shi ne 2004, shekarar da aka kunna tukunyar nukiliya ta farko a Nijeriya a Cibiyar Binciken Makamashi ta Zariya. Ƙirar Sin ce, ƙarfinta kilowat 30 kacal, don haka masu zaton za ta kawo ƙarshen ɗauke wuta sun yi kuskure. Aikinta daban ne. Ana saka ɗan samfur na ƙasa ko dutse ko hatsi, niyutiron su yi masa ruwa, sai ya riƙa fitar da haskoki. Kowane sinadari da irin nasa, ta haka ake gane abin da ke ciki komai ƙanƙantarsa. Ɗalibai da dama sun yi binciken digirinsu a kanta.

A 2018 aka sauya mata makamashi da yuraniyom maras ƙarfi, aka mayar da na farkon Sin. Farfesa ya rasu a 2023. Mun duba kantar littattafan makarantarmu, mun tarar da tarihin sarakuna da na 'yan siyasa, ba mu ga nasa ba.