Rayfield: Daga Mazaunin Turawan Kuza Zuwa Unguwar Masu Mulki

Mai neman dogayen benaye irin na Abuja ko Legas ba zai same su da yawa a Rayfield ba. Abin da zai tarar a wannan unguwa ta kudancin Jos shi ne manyan gidaje cikin katanga, da otal-otal, da ofisoshin gwamnati. Faɗi ta yi, ba tsawo ba, domin ba cunkoson birni ne ya haife ta ba. Masu iko ne suka keɓe ta don su yi nesa da hayaniyar gari.

Ƙasar ta Birom ce, gonakinsu ne kafin kuza ta jawo baƙi. Da Turawan Ingila suka kafa sansani a Naraguta a farkon ƙarni na 20, sai kamfanoni suka shiga rububin fili, har ɗaya daga cikinsu ya bar wa Rayfield sunansa. A 1913 an riga an buɗe filin wasan golf a Rayfield, shekara guda kafin jirgin ƙasa daga Zariya ya iso Jos. Wato an tanadi wurin shaƙatawar manaja tun ba a gama shimfiɗa hanyar kwashe kuzar ba. Su kuwa leburorin da suka zo daga Kano da Zazzau da Bauci, barikokin haƙa da Bukuru ne mazauninsu. Da aka haɗe kamfanoni da dama aka kafa kamfanin ATMN a 1939, a Rayfield ya ajiye hedkwatarsa, ga gidaje masu faffadan fili, ga lantarkin kamfanin NESCO daga Kurra, a zamanin da garuruwan Arewa da yawa ke kwana da fitilar aci-bal-bal.

Sannu a hankali kuza ta ja baya, farashinta ya rushe a kasuwar duniya a 1985, amma Rayfield ba ta bi sahun barikokin da suka zama kufai ba. Jos ta zama hedkwatar Binuwai-Filato a 1967, ta Filato a 1976, gwamnati kuma ta gaji abin da kamfani ya bari. Fadar gwamna ta zauna a Rayfield, haka gidan rediyo da talabijin na jiha, daga baya Gwamna Jonah Jang ya gina sabuwar fada a Little Rayfield. Inda sarki ya sauka, nan fadawa ke ɗaure dawaki: 'yan siyasa da attajirai suka bi da sayen filaye.

Wasu za su ce rikice-rikicen Jos na 2001 da 2008 da 2010 ne suka cika unguwar, da masu hali suka guje wa tsakiyar gari. Akwai gaskiya a ciki, amma mai gudu yakan nufi inda ya san akwai tsaro, tsaron kuwa yana nan tun kafin rikici. Wasu kuma su ce sanyi ne da kyan wuri. Ai sanyin nan har Angwan Rogo da ke cikin gari yana kaiwa, bai mai da ita unguwar gwamna ba.

Kududdufan da haƙar kuza ta bari suna nan birjik a ƙasar Birom. An mai da ɗaya wurin shaƙatawa a Rayfield, ana yawo a kwalekwale, galibin sauran kuwa an bar wa manoman da aka ci gonakin kakanninsu.