Doguwar Fijo: Motar da Aka Ƙera Don a Riƙa Gyarawa

Duk wanda ya yi wayo kafin shekarar 2000 ya san doguwar Fijo 504, wadda 'yan tasha ke kira wagon. Ita ta kai mu makarantun kwana, ita ta ɗauko amare da 'yan rakiya, kuma sau da yawa ita ta kai mara lafiya asibiti cikin dare. Yau sai a yi tafiya daga Kano zuwa Kaduna ba a haɗu da ko ɗaya ba. Waɗanda suka rage suna ƙarƙashin bishiyoyin darbejiya, tayoyi sun kwanta, 'yan gwangwan suna zagayawa suna taya su da kilo. Kafin a gama aunar da su, ya kamata mu san yadda motar nan ta zo mana, da dalilin da ya sa har gobe za a iya tayar da ita a hau kullum.

Kamfanin Peugeot na Faransa ya fito da 504 a 1968, kuma a 1969 aka zaɓe ta motar shekara a Turai. Kamfanin Pininfarina na Italiya ne ya zana surarta. A farkon shekarun 1970 aka fito da doguwar, kuma aikin da aka yi mata ya wuce ƙarin but. An ƙara tazarar da ke tsakanin tayoyin gaba da na baya daga mita 2.74 zuwa 2.90, an ɗaga rufin ta baya, sannan aka haɗe tayoyin baya da ƙarfe guda ɗaya da ke zaune a kan sifirin huɗu. Wannan shi ne sirrin da ya sa take ɗaukar buhunan hatsi da mutane ba ta durƙushe ba. Wadda aka yi domin iyali tana da kujeru jere uku.

Sunan 504 ya ƙara tashi a Afirka a 1975, lokacin da Ove Andersson ya ci gasar tseren Safari ta Kenya da ita, Hannu Mikkola kuma ya ci ta Maroko. Hanyoyin da ake waɗannan gasa irin namu ne: ƙura, ramuka, taɓo da duwatsu.

A wannan shekarar ce kuma ta zama 'yar gida. An kafa kamfanin Peugeot Automobile Nigeria, wato PAN, a 1972, kuma Janar Yakubu Gowon ya buɗe masana'antarsa a Kakuri, Kaduna, a 1975. Lokacin kuɗin fetur ya shigo, ƙarin albashin Udoji ya faɗa aljihun ma'aikata, kowa yana neman mota. Sai dai jiragen ruwa masu ɗauke da siminti sun cunkushe tashar Legas, kaya sai su yi watanni ba a sauke ba. Saboda haka aka riƙa ɗauko sassan motar ta jirgin sama daga birnin Lyon zuwa Kano, daga nan a loda su a manyan motoci zuwa Kaduna a harhaɗa. Bayan kisan Janar Murtala Muhammed a 1976, gwamnatin Janar Obasanjo ta fito da tsarin rage facaka, ta mayar da Fijo motar hukuma. Daga sakatariya zuwa barikin 'yan sanda, daga asibiti zuwa ma'aikatar gona, duk ita ce.

Abin da ya biyo baya shi ne ya fi muhimmanci ga mai son gyara a yau. Da mota iri ɗaya ta cika ƙasa, sai kowane gari ya samu bakaniken da ya haddace ta, kowace kasuwa ta samu mai sayar da kayanta. Idan hukuma ta gama da mota ta yi gwanjonta, sai ta koma hannun ɗan kasuwa, daga nan ta gangara tasha. A tasha ne doguwar ta yi sarauta: mutum biyu a gaba kusa da direba, huɗu a tsakiya, uku a baya, kaya kuma an ɗaure da igiya har ƙofar baya ba ta rufuwa. A Nijar ma haka abin yake, sai dai da yawa daga nasu ta hamada suka shigo. Turawa matasa kan sayi tsofaffin Fijo, su keto Sahara ta Tamanrasset zuwa Arlit da Agadas, su sayar, su koma gida da kuɗin jirgi.

An daina ƙera ta a matsayin motar hawa a Turai a 1983, amma Kaduna ta ci gaba har tsakiyar shekarun 2000. Abin da ya karya ta a nan tattalin arziki ne. Daga 1986, da tsarin SAP ya karya darajar naira, sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci. Motocin Beljiyam suka kwararo ta Kwatano, masu sauƙin kuɗi da ƙarancin shan mai. Sannu a hankali Golf da Sharan da Sienna suka karɓe layi a tasha. An sayar da kaso mafi tsoka na PAN ga 'yan kasuwa a 2006, daga baya bashi ya kai kamfanin hannun hukumar AMCON a 2012.

To, me ya sa za a koma ga motar da zamani ya wuce? Amsar tana cikin yadda aka gina ta. Injin fetur ɗin da muka fi sani, mai silinda huɗu da girman 1971 cc, an yi shi ne da tunanin za a buɗe shi. Ramukan da fistin ke kai-komo a ciki bututu ne da ake zarewa a sa sababbi, don haka injin da ya gaji yana komawa sabo ba tare da an jefar da gangar jikinsa ba. Sarƙa ce ke daidaita lokacin bawul, ba bel ba. Kabureta ce ke ba shi mai, wadda ake kwancewa a kan tabarma a wanke a mayar. Mu da muke rubuta manhajar kwamfuta mun san bambancin abin da aka bar wa mai shi ya buɗe ya gyara, da abin da aka kulle sai mai ƙerawa. Motocin yanzu, idan kwamfutar cikinsu ta yi gardama, sai an nemo na'urar da za ta karanta ciwon. Fijo kuwa kunne da hannu ne ke gano nata.

Masu tayar da ita don hawan yau da kullum suna da tsarin da suke bi, kuma fenti ne na ƙarshe a cikinsa. Ana fara duba bodi: ƙasan da ake taka ƙafa, gefen ƙofofi ta ƙasa, da mazaunin shakazoba na gaba, domin nan tsatsa ke ci. A nan bushewar iskarmu ta yi mana rana. Motar da ta yi rayuwarta a Katsina ko Maraɗi takan fi ta bakin teku lafiyar ƙarfe. Daga nan sai birki. Doguwar tana da faifai a gaba da ganga a baya, kuma duk wata roba da bututun man birki da suka shekara talatin sai an canza su, ko da sun yi kama da masu lafiya. Sai lagireto da famfon ruwa, saboda zafi shi ne babban abokin gabar wannan inji. Sai wayarin, wanda galibi hannaye goma sun taɓa shi, kowa ya bar ƙullinsa.

Bayan an dawo da ita hayyacinta, sannan a yi maganar ƙari. Ana cire kwantak ɗin da ke cikin distirbuta a sa na lantarki, motar ta riƙa tashi da safe ba sai an tura ba. Ana ɗauko giya mai biyar daga ƙanwarta 505, wadda ta fito a 1979, a daidaita tsawon furofela, inji ya samu sauƙi a doguwar hanya, shan mai ya ragu. Ana gyara fitilu, a sa bel mai kyau a kujeru. Tun da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, wasu suna duba mayar da ita mai amfani da iskar gas, kuma faɗin bayanta ya isa a ajiye tukunyar. Wannan aiki dai na ƙwararru ne masu izini, ba na mai walda a bakin titi ba.

Akwai abin da gyara ba zai ba ta ba, kuma bai kamata a ɓoye shi ba. Ba ta da jakar iskar da ke tare mutum a haɗari, ba ta da birkin zamani mai hana taya cijewa, kuma ko an yi mata komai za ta fi ƙaramar motar yanzu shan mai. Wanda zai ɗauki iyalinsa a cikinta dole ya san da haka, ya rage gudu, ya bar lodin tasha ga tarihi.

Amma abin da ke shirin ɓacewa ya fi ƙarfen yawa. A Fanteka ta Kaduna da Ƙofar Ruwa ta Kano har yanzu akan samu kayanta, a wasu garejoji kuma akwai dattawan da suka koyi aiki lokacin da Kakuri ke fitar da mota kullum. Yaransu na yanzu Toyota da Honda suke koya, domin su ke kawo abinci. Duk dattijon da ya ajiye sifana, ya tafi da sanin yadda ake saita kabureta da kunne, kuma ba a rubuta wannan a ko'ina ba. Motar da aka ajiye don kallo ba ta raya wannan sani. Wadda ake hawa kullum ce take komawa gareji, ta sa maigida ya kira yaro ya ce zo ka gani.

Saboda haka wanda ke da doguwar Fijo kwance a gidansu, kafin ya kira mai sikeli, ya fara kiran tsohon bakanike ya leƙa ƙarƙashinta. In ƙarfen da sauransa, sauran duk abin sayowa ne da ɗaurawa. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani, amma sai in ba a zubar da ita ba.