Kalmar *Bee* a Ingilishi: Asalinta da Yaɗuwar Ma'anarta

Kalmar *bee*, wadda mutanen Ingila ke kiran ƙudan zuma da ita, tana cikin tsofaffin kalmomin da harshen ya gada, ba aro ya yi ba. A rubuce-rubucen Tsohon Ingilishi, wato kafin Normandawa su ci ƙasar a 1066, ana rubuta ta *beo*, jam'inta kuwa *beon*. 'Yan'uwanta na nan a harsunan da ke dangi ɗaya da Ingilishi: *Biene* a Jamusanci, *bij* a harshen Holan, *bi* a na Suwidin. Masana kwatancin harsuna sun mayar da su duka ga saiwa guda, \bhei-*, ta kakar harsunan Indiya da Turai, kuma suna ganin daga nan ne *bitė* ta harshen Lituwaniya ta fito. Tauraron da ke gaban saiwar yana nuna cewa ba a taɓa samun ta a rubuce ba. Manazarta ne suka gina ta daga kwatanci.

Latin kuwa hanyarsa daban, da *apis* yake kiran ƙwaron, kuma daga gare ta ne Faransanci ya sami *abeille*. Bayan 1066 Faransanci ya cika Ingilishi da kalmomin fada da na shari'a, amma *abeille* ba ta sami gindin zama ba. Dalilin bai yi nisa ba: kiwon zuma sana'ar talakawan ƙauye ce. Wani kundi na wajejen ƙarni na 11 da ya zayyana haƙƙoƙin ma'aikatan gandu ya ambaci *beoceorl*, mai kiwon zuma wanda ke biyan ubangidansa da zuma. Sai a ƙarni na 17 ne saiwar Latin ta shigo ta bakin malamai, a kalmar *apiary*, wato wurin ajiye amya.

Sauye-sauye biyu suka sami kalmar. Jam'inta mai ɗafin *-n* ya rayu da sigar *been* har zamanin Chaucer a ƙarni na 14, kafin *-s* ya kore shi, ko da yake *oxen* ta tsira da nata. Sannan babban sauyin wasula da ya faro wajejen 1400 ya ɗaga dogon wasalin *e* zuwa *i*, alhali rubutu bai motsa ba. Shi ya sa ake rubuta *bee* ana furta "bii".

Wani abin lura shi ne yadda aka kira shugabar amya. Tsohon Ingilishi yana da *beomodor*, wato uwar zuma, amma marubutan da suka bi sawun Girkawa da Rumawa sarki suka ɗauke ta. Littafin Charles Butler na 1609, *The Feminine Monarchie*, shi ne ya yayata cewa mace ce. Ke nan tsohuwar kalmar ta fi malaman kusa da gaskiya.

Inda gardama take shi ne ma'ana ta biyu, wadda ta bunƙasa a Amurka. Can *bee* na nufin taron maƙwabta don yi wa ɗayansu aiki, abin da Bahaushe zai kira gayya. An sami *spinning bee*, gayyar kaɗi, a rubuce a 1769, daga baya kuma *spelling bee*, gasar harhaɗa baƙaƙen kalma, wadda ta zama ta ƙasa baki ɗaya a 1925. Bayanin da ya fi saurin zuwa baki shi ne an kamanta taron da himmar ƙudan zuma. Sai dai wasu masu ƙamus suna danganta ta da *been* ko *bean* ta karin harshen wasu yankunan Ingila, mai nufin taimakon da maƙwabta ke bayarwa, daga *bene* ta Ingilishin Tsakiya, wato roƙo. Wannan ra'ayi ya fi ƙarfi ta fuskar ma'ana, domin gayya sai an roƙa ake zuwa, ƙudan zuma kuwa ba mai gayyatar su. Rauninsa shi ne dole a bayyana yadda baƙin *n* na ƙarshe ya faɗi. Idan ya tabbata, to kalmomi biyu ne mabambanta asali suka haɗu a furuci da rubutu ɗaya.